Firezal ɗin da Aka Bari a Mota

Ni dai ban taɓa riƙe Lamar Kreider a raina ba sai da obin ɗina na gashi ya mutu. Kafin nan suruki ne kawai. Ɗansa Galen ya auri 'yata Fern, muna haɗuwa a ƙofar coci mu gaisa, ya tambayi gwiwata, in tambayi kasuwar motocinsa, kowa ya kama gabansa.

Duk Lahadin da ake ƙwallo, irin tamu da ake jifa da hannu a ruga da ita, a falona ake kallo. Haka yake tun Fern ba ta iya ɗaure takalminta ba. Ni a kujerata ta kusa da taga, ita a ƙasa ta jingina da ƙafata, har bayan ta yi aure ba ta canza wuri ba. Matata Verna tana can gefe da saƙarta, ba ruwanta da wasan, sai an gama ihu ta ɗago ta tambayi wa ya ci. A tsakiya kuma tire, cike da sosej ɗin naman sa da na naɗe da kwaɓin firezal na gasa da hannuna. Ƙuruciyata da ƙarfina duk a gidan gasa firezal, murɗaɗɗen burodin nan mai gishiri, na nan garin Reading na ƙarar da su, saboda haka in na ce na iya, ba cika baki nake ba. Ko maƙiyina zai ce na iya.

Mu nan ba a taɓa abin da ya kawo nasara. In yaran ƙungiyarmu suka ci wasa kana sanye da wata safa, to kai da wanke safar nan sai ranar da aka ci mu. Inda ka zauna nan za ka zauna, abin da ka ci shi za ka ci. Fastonmu ya taɓa yi mana wa'azi mai zafi a kan camfi, da yamma aka gan shi a gidan mai da koriyar hularsa ta ƙungiyarmu a juye, don a juye take ranar da aka yi nasara. Ni na koya wa Fern wannan doka tun tana 'yar mitsitsiya, na kuma koya mata da kyau.

To bana sai aka shiga da ƙafar hagu. Mako bayan mako ana lallasa mu a falona, mu ci firezal cikin baƙin ciki mu watse. Ana cikin haka wata Asabar na kunna obin ya ƙi kamawa. Mai gyara ya ce sai Litinin. Galen ya ce ai ba komai, babansa ya sa sabuwar talabijin a ɗakin ƙasa, a je can.

Talabijin ce kamar ƙofar gareji. Mun makara ni da Verna, saboda na tsaya ina ta bugun obin ko zai farfaɗo, muka tarar an cika, har da maƙwabtan Lamar. Fern tana kan doguwar kujera kusa da wurin zamansa. Ni sai wata kujerar roba aka jawo mini daga bayan injin wanki, can gindin matakala. Sai ga Lamar ya sauko da faranti. Na duba, na sake dubawa. Sosej ne a cikin wani farin abu wai shi firezal, irin na kwali da ake sayowa a daskare a jefa a na'urar ɗumama abinci. Fari fat, lagwai-lagwai, babu ko ƙwayar gishiri ta kirki. Na ci ɗaya don kunya, ya manne mini a ganɗa.

Muka ci wasan. Ba ci na sa'a ba, ci na wulaƙanta abokin karawa. Ni ma na yi tsalle, don ban hango abin da ke tafe ba.

Litinin aka gyara obin, na kira Fern na ce Lahadi a zo da yunwa.

Ta ce, "Baba, ai ka san ba zai yiwu ba."

"Me ba zai yiwu ba?"

"A gidan Baba Lamar muka ci. Can za a koma, kowa wurinsa."

Baba Lamar. Da can "baban Galen" take cewa.

"Wannan ai dace ne," na ce. "Mai jefa wa abokan karawarmu ƙwallo ne ya ji ciwo."

"Da bakinka kake cewa dace? Kai da ka hana a wanke mini riga har malamarmu ta aiko a kira ka?"

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce ta gaida Galen, na ajiye waya.

Aka koma, muka ci. Aka sake komawa, muka sake ci. Yaran da a falona ba sa iya riƙe ƙwallo kamar an shafa mata mai, a ɗakin ƙasan Lamar sun zama zakuna. Ni kuwa ina nan gindin matakala a kujerar roba, ƙeyar 'yata nake kallo fiye da talabijin. Duk makin da aka samu, ta juya ta tafa da Lamar. Shi da ko dokar wasan bai gama sani ba, alƙali yana jefa ƙyallensa na nuna an yi laifi sai ya ce, "Me aka yi kuma?" Ita kuma ta karkata tana yi masa bayani da kalmomin da na koya mata. Ya tsiri ce mata "'yata". 'Yarsa a ina? Yana ina lokacin da take haƙori tana hana unguwa barci? Kuma dole kowa ya ci farin abin nan, tunda shi aka ci ranar farko. Har ni.

Kishi nake yi, ba sai an tambaye ni ba. Kishi irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon kofi da safe. Abin ya kai wata Lahadi mai jifanmu ya saki ƙwallo ta faɗa hannun abokan gaba, duk ɗakin aka dafe kai, ni kuwa na ji wani sanyi a ƙirjina. Ni da ubana ya kai ni filin wasa a kafaɗa, ni da na bar wasiyya a binne ni da koriyar riga, ga ni a ɗakin ƙasan wani ina fatan a ci mu.

Verna ta gane, ba a ɓoye mata komai. A mota muna komawa gida ta ce, "Elwood, hassada ga mai rabo taki ce. Tunda ka fara wannan kumburin ba su faɗi ba."

"Wa ya ce miki hassada nake?"

"Fuskarka. Mutumin nan tun da matarsa ta rasu babu mai dafa masa ko ƙwai. In bai sayo na kwali ba, ina zai samu?"

"Ya sayo gyaɗa mana. Dole sai firezal?"

"Au, kai ka ƙirƙiro shi?"

Na ƙara wa rediyo murya.

Haka aka yi ta tafiya har wasan ƙarshe na zagaye. In muka ci, an shiga gasar neman kofi. In aka ci mu, shi ke nan sai baɗi. Ran nan ban je coci ba. Na ce gwiwa, Verna ta dube ni ta tafi abinta. Tana fita na ɗauko fulawa.

Na jiƙa yis da ruwan ɗumi da ɗan jan sukari, na jira ya yi kumfa, na zuba fulawa da gishiri da narkakken man shanu, na yi ta murza kwaɓin a kan tebur har ya daina kama hannu ya yi santsi. Na rufe shi kusa da hita ya tashi. Sosej ɗin kuwa tun Juma'a na sayo wurin mahaucina na kasuwa na ɓoye bayan madara a firji, ka ga ba da safen nan shaiɗan ya zo mini ba. Na goge kowane ɗaya da tsumma ya bushe, don in da laima kwaɓi ba ya kama shi. Na yayyanka kwaɓin, na murza kowane yanki ya zama igiya, na naɗe daga wannan baki zuwa wancan, naman yana leƙowa ta kowane gefe, na matse ƙarshen sosai kada ya warware a tukunya. Sai tafasasshen ruwan kanwa. Nan ne firezal yake zama firezal. Wanda bai shiga ruwan nan ba burodi ne kawai, ko wa ya yi shi. Na riƙa tsoma su bibbiyu, suna tasowa in tsame, na shafa ƙwai, na barbaɗa gishiri mai tsakuwa, na tura obin.

Suka fito jawur suna sheƙi, bayan ya ɗan tsage, mai yana tsattsafowa ta baki. Verna ta dawo, ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta a hannu.

"Gwiwar ta warke ke nan."

"Kyauta zan kai wa surukina. Laifi ne?"

"Kai da ka fi kowa yarda da camfin nan? So kake ka karya musu sa'a."

"Musu? Ai ƙungiyata ce."

"To in aka ci mu yau, babu wata Lahadi da za a dawo gidanka. An rufe sai baɗi."

"Baɗi a gidana za a fara."

Ta daɗe tana kallona. "Allah ya shirye ka, tsoho," ta ce, ta ɗauki ɗaya ta ci a tsaye.

Na lulluɓe tiren da tawul, na ɗauki kwalbar mastad mai yaji ta dangwalawa, muka tafi. Lamar ne ya buɗe ƙofa, da silifas da wannan rigar tasa da ba ta ga ruwa ba tun kaka. Ƙamshin ya riga ni shiga. Ya lumshe ido.

"Kai, Elwood, mutumina. Wannan ai shi ne na gaskiya. Shigo da shi, shigo."

Da faɗa ya yi, da na fi jin daɗi. Na ɗaga ƙafa ke nan sai ga Fern ta hawo daga ƙasa. Ta ga tawul, ta gane tiren, ta zo ta tare ƙofa.

"Baba, mayar da shi mota."

"Haba 'yata," in ji Lamar, "ɗan abin taɓawa ne fa."

"A'a. Duk wasan da aka ci mu bana, tiren nan yana tsakiyar ɗaki. Ba yau ba. Baba, don Allah."

Ba ta ɗaga murya ba. Maƙwabtan Lamar suna leƙowa ta bayanta. Tiren da ta tashi a kansa, yau shi ne mai farar ƙafa. Na juya da abina, na taka ƙanƙarar farfajiyar a hankali kada in faɗi in ƙara wa kaina abin kunya, na ajiye shi a kujerar baya na dawo hannu rabbana.

Abin mamaki, ko da tiren bai shiga ba, wasan ya ƙi. Aka ci mu, aka ƙara. A ci na biyu Fern ta waiwayo, ban san me ya sa ba, ta kama fuskata kafin in gyara ta. Ta mayar da kanta ga talabijin, ba ta sake waiwayowa ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na ce zan sha iska. Na shiga mota, na tayar da ita don hita, na kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Motar duk ta cika da ƙamshi. Ina zaune ina kallon garejin Lamar sai aka buɗe ɗaya ƙofar, Fern ta shigo ta zauna, ko rigar sanyi ba ta ɗora ba. Ta miƙa hannu baya ta zaro ɗaya daga ƙarƙashin tawul, ta gatsa.

"Ya huce," na ce.

"Ko kwana ya yi ya fi wancan." Ta tauna. "Ka san sai na kora da ruwa nake iya haɗiye shi? Ina mastad?"

Na miƙa mata.

"Na ga fuskarka, Baba."

"Gwiwar nan ce."

"Murna kake. An ci mu, kana murna."

Mai rediyo yana cewa an dawo fili.

"Me Baba Lamar ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Ya zauna a inda nake zama, shi ke nan." Na juyo na dube ta. "Ke kuma kina tafawa da shi kina ce masa Baba. Ni ina bayan injin wanki kamar kwandon kayan datti."

"Kana tsammanin daɗi nake ji? Kujerar nan lotsawa take yi, shi kuma yana tambayata mene ne wannan mene ne wancan ana tsakiyar wasa. In abu ya ba ni haushi sai in nemi ƙafar da zan zungura, babu. Zama nake yi don ana ci. Na ɗauka duk ɗakin nan kai ne za ka gane."

Ta share mastad daga bakinta da bayan hannu, idonta ya ciko. Na buɗe baki ke nan sai mai rediyo ya fara ɗaga murya. Wani yaronmu ya ƙwace ƙwallo, yana gudu, yana gudu, ba wanda ya kamo shi har ya tsallake layin ci. Kafin mai rediyo ya rufe baki, ihun ɗakin ƙasa ya fito ta 'yar tagar nan ta gindin bango.

Muka dubi juna. Fern ta kai hannu za ta buɗe ƙofa, sai ta fasa.

Galen ya fito a guje da safa kawai a kan ƙanƙara, ya buga gilashi. Na sauke.

"Kuna ina lokacin da muka ci?"

"Ga mu nan," in ji Fern.

"Me kuke yi?"

Ta ɗaga guntun firezal.

Ya dubi guntun, ya dubi tiren, ya dube ni. "Kada wanda ya fito daga motar nan. Baba, kada ka taɓa rediyo. Ke kuma ci gaba da ci."

"In na ƙoshi fa?"

"Ki rage loma." Ya koma a guje.

Haka muka ƙarasa wasan, gilashi duk ya yi raɓa, hita tana busa mana ƙafa. Ban ga ko jifa ɗaya ba. Fern ta tuɓe takalmi ta naɗe ƙafa a kan kujera, tana gatsa kaɗan-kaɗan don ya kai ta, duk lokacin da abu ya ɗaure sai ta damƙi hannun rigata. Muka zagi alƙali tare. Muka zagi kocinmu da wanda ya ɗauke shi aiki. Ban san lokacin da na koma son nasara ba, sai dai na ji ni ina dukan sitiyari ina roƙon Allah ya miƙar da ƙafar mai bugu. Ya buga daga nesa ana dab da tashi, mai rediyo ya riƙe numfashi, sannan ya ce ta shiga. Fern ta faɗo kaina ta danne hon da gwiwar hannu, duk unguwar ta ɗauka.

Mutanen ɗakin ƙasa suka fito gaba ɗaya, wasu ba takalmi. Suka kewaye motar, hannaye ta kowace taga, kowa yana son ya ɗanɗana abin albarka. Waɗanda ɗazu suke leƙe ana korar tirena, su ne yanzu suke cewa ai su da ma sun san na Elwood daban ne. Verna ta tsaya a baya da saƙarta tana girgiza kai.

Lamar ne ya fito a ƙarshe, bayan an fara watsewa. Ya zo ya dafa ƙofar motar ta wajen Fern, yana murmushi.

"'Yata, kin rasa kallo. Na yi ta juyawa in tafa da ke, babu kowa. Lahadi mai zuwa dai..."

"A mota za ta zauna, Baba," in ji Galen da bakinsa cike. "Ita da Baba Elwood. Ka san doka."

"Wurinta fa?"

"Haka za a bar shi, kada kowa ya zauna."

"To," in ji Lamar. "To, madalla. Ai nasara ake nema." Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma na san irinsa, na san yadda yake gajiyar da muƙamuƙi.

Na daɗe ina jiran in ga Lamar Kreider a haka. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, sai dai bai kai rabin yadda na zata ba. Saura ɗaya a tire, ƙarami, wanda ƙarshensa ya warware a tukunya. Fern tana ta kallona. Na ɗauka na miƙa masa ta gabanta.

Ya gatsa, ya daɗe yana taunawa.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," ya ce.

"Haka ake yinsa."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya nufi gida shi kaɗai da silifas ɗinsa, yana ci a hankali, ɗaya hannun ya tara a ƙarƙashi kada gishirin ya zube.